Yadda ake hana ramin fatsa daskarewa a kan tafkin ƙanƙara

Tun da Disamba ta kama, 'yan'uwa da karatu ko aiki ya kai jihohin Minesota da Wiskonsin na Amurka da lardin Manitoba na Kanada suke ta aiko da tambaya iri ɗaya. Abokan aiki sun ja su fatsa a kan tafki, an huda ƙanƙara, an zura ƙugiya, kafin mutum ya shanye kofin shayi bakin ramin ya sake rufewa, zare ya maƙale, kifi ya cinye koto ba a ko sani ba. To yaya ake yi?

Abu ɗaya za ka riƙe kafin mu shiga aiki. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara bai daskare ba, yana ɗan sama da sifili, can ƙasa ma yakan kai digiri 4 a ma'aunin Salshiyos. Ta bakin rami ɗumin yake fita, iska kuma ita ce mai kwashewa. Saboda haka aikin duka na toshe wannan ƙofa ne. Sababbin shiga da wuta suke farawa, su narka kuɗi a hita da gas, alhali wuta ita ce ta kusan ƙarshe a jeri. Ga yadda ake bi.

Kayan da za ka tanada

Abin huda ƙanƙara na juyawa da hannu yana kamawa daga kimanin dala 50 zuwa 100, mai batir kuwa ɗaruruwa ne, don haka a fitar farko ka ara ko ka bi wanda yake da shi. Sai matsami, irin dai na tsame ƙosai amma mai dogon hannu, dala 5 zuwa 15. Sai dagi na ƙarfe. Sai murfin rami, wanda ake sayarwa wajen dala 10 zuwa 15 kowane ɗaya, kana kuma iya yankawa da kanka. Waɗannan huɗu su ne dole. Tarko mai tuta, wato wanda ake girkawa a bakin rami tutarsa ta tashi idan kifi ya ja, mai faifan da ke rufe rami yana kaiwa dala 20 zuwa 35. Tanti na ninkewa daga dala 200 ne zuwa sama, hitar gas wajen dala 100, na'urar ƙararrawar gurɓatacciyar iska dala 20 zuwa 30. Farashi yana motsi, kuma idan Maris ta matso kantuna sukan karya shi. Kar ka manta da lasisin kamun kifi na jiha ko lardin da kake, da ƙaramin tawul, da safar hannu ta canji.

1. Auna kaurin ƙanƙara tukuna

Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota ta ce ƙanƙarar da ba ta kai inci 4 ba, wato wajen santimita 10, ba a takawa. Wannan lissafin na sabuwar ƙanƙara ce garai-garai, mai duhu kamar gilashi. Fara, wadda dusar ƙanƙara ta cakuɗe da ita, ƙarfinta rabin na waccan ne, sai ka ninka adadin. Ka riƙa dukan gabanka da dagi kana tafiya, kana huda ramin gwaji kana aunawa da tef.

Gargaɗi: wurin da ka ga rami ba ya saurin daskarewa da kansa, kada ka yi murna. Sau da yawa alama ce ta ruwa mai gudu ko idon ruwa a ƙasa, kuma irin wurin ne ƙanƙara take da rauni. Bakin rafi, ƙarƙashin gada da mashigi tsakanin tsibirai, ka yi nesa da su.

2. Zaɓi faɗin rami

Bakin abin huda iri uku aka fi amfani da su: inci 6, 8 da 10. Rami ba ta sama kaɗai yake rufewa ba, ta gefe ma yana tsukewa a hankali. Mai inci 6 ya fi sauƙin hudawa, amma a ranar da sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili, kafin yamma ya matse har kifi mai ɗan girma ya gagara fitowa. Mai inci 10 ya fi daɗewa, sai dai ƙafar babba ma tana shiga, balle ta yaro. Ni dai inci 8 nake ba mutane shawara. A Wiskonsin doka ta hana ramin fatsa ya wuce inci 12, sauran wurare kuma ka duba littafin dokarsu na shekarar.

3. Huda, ka wanke ramin tas

A nan ake cin nasara ko a faɗi, amma a nan mutane suka fi gaggawa. Share dusar da ke wurin da ƙafa ko shebur, faɗin kamar taku biyu. Tsayar da abin hudan sak, kada ya karkace. Idan ya ɓulla ruwa ya taso, kada ka zare shi nan take: danna shi ƙasa ka ɗago sau uku ko huɗu, ruwan zai yi ambaliya ya fito da ɓarɓashin. Mai batir idan yana da juyin baya, ka zura shi ka juya da baya, ya tura dagwalon ƙarƙashin ƙanƙara.

Daga nan sai matsami. Ka tsame, ka jira minti ɗaya, ka sake tsamewa, domin akwai ɓarɓashin da ke tasowa daga baya. Ruwan ramin ya zama baƙi wuluk, babu ko ɗan farin abu yana yawo. Dalili kuwa, kowane ɗan guntun ƙanƙara da ka bari shi ne irin da sabuwar za ta tsiro a jikinsa. Ramin da aka bari da dagwalo, kafin a ɗaura koto ya fara kamewa.

Gargaɗi: ɗaura wa matsamin igiya ka rataya a wuyan hannu. Na ƙarfe idan ya suɓuce ya tafi ke nan. Idan ramukansa sun toshe da ƙanƙara, tsoma shi cikin ruwan ramin na ɗan lokaci sai ya saki, ko ka buga shi a dunduniyar takalmi. Na roba kada ka buga da ƙarfi, a irin wannan sanyi fashewa yake yi.

4. Tare iska

Tulin ɓarɓashin da ya fito kada ka bar shi a leɓen rami, zai riƙa gangarowa ciki, zare kuma ya riƙa kama shi. Tura shi baya kamar taku ɗaya, ta ɓangaren da iska take fitowa, ka haɗa da dusar ƙanƙara ka yi 'yar katanga mai siffar jinjirin wata. Idan kana da keken jan kaya, kifa shi a gefensa ta nan. Kai ma ka zauna ka ba iska baya, ramin yana gabanka.

Abin da ya fi sanyi kansa saurin kashe rami shi ne dusar da iska ke sharowa a ƙasa. A fili irin tafkin Winifeg na Manitoba, inda babu tudu babu itace, tana iya cika rami cikin 'yan mintoci. Ranar irin wannan, rami marar murfi wahala ce kawai.

5. Murfi

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin duk jagorar nan, wannan zan ɗauka. Ba ya cin gas, ba ya cin batir, kuma ya fi duk wata na'ura aiki a ramukan da ka girka wa tarko ka koma gefe.

Nemi tabarmar soso mai tauri, irin wadda ake shimfiɗawa a ɗakin motsa jiki ko ake durƙuso a kai a lambu, kauri rabin inci zuwa inci ɗaya, baƙa idan da hali. Ɗora bakin bokiti a kai ka zana da'ira, ta fi ramin faɗi da aƙalla inci biyu ta kowane gefe, wato wajen inci 12 ga rami mai inci 8. Yanke. Huda ɗan ƙaramin gurbi a tsakiya daidai kaurin sandar tarkon, sannan ka tsaga layi ɗaya daga gefe zuwa gurbin. Ta wannan tsagar ake zura shi bayan an gama girka tarko, ba sai an taɓa zare ba.

Idan ka shimfiɗa, goge ruwan da ke leɓen ramin tukuna, in ba haka ba murfin zai manne da ƙanƙara ya yage wajen ɗagawa. Sai ka zagaye gefensa da busasshiyar dusa, ka ɗan danna. Mutanenmu sukan yi mamakin wannan, wai a sa ƙanƙara don a hana ƙanƙara, amma dusar cike take da iska a tsakaninta, bargo ce sosai. Tana toshe kafar da iska za ta shiga, tana kuma danne murfin kada ya tashi. Ka dai kula kada ta binne wurin da tutar take sarƙe.

Baƙin launi da rana yake aiki, yana zuƙar zafin rana ko da sanyi ya yi tsanani. Da rana ta faɗi kuwa kauri ne kaɗai zai cece ka, don haka mai niyyar kai dare ya ninka soso biyu. Wani amfanin kuma, a ruwa marar zurfi murfi yana hana haske sauka ta ramin, masunta da yawa suna ganin hakan na sa kifi ya matso ba ɗar-ɗar.

Wanda ba ya son yanke-yanke, akwai tarko mai faifai da kansa yake rufe rami har mai inci 10, kamfanoni irin su Frabill da HT suna yi. Yana aiki, sai dai kwance yake a ƙasa, dusa tana rufe shi ka neme shi ka rasa, ko mai babur ɗin ƙanƙara ya bi ta kai. Kafa wata sanda mai kyalle ko mai ƙyalli a gefensa.

Gargaɗi: guntun kafet da kwali, waɗanda ake yawan cewa a yi amfani da su, suna shan ruwa. Sa'a ɗaya sun zama katako, sun manne. Kuma murfi ba ya ɗauke maka zagaye. Duk minti 20 zuwa 30 ka je ka ɗaga, ka tsame, ka duba koto. Dokar Minesota ma ba ta yarda ka yi nesa da tarkonka fiye da ƙafa 200 ba, kuma zare biyu kawai ta ba kowane mutum a kan ƙanƙara a yawancin tafkuna.

6. Zare da sanda

Wani lokaci ramin lafiyarsa ƙalau, zaren ne ya daskare. Zare saƙaƙƙe yana shan ruwa, da ya fito iska ya sandare, don haka a waje ka yi amfani da na roba mai sili ɗaya, saƙaƙƙen ka bar shi sai cikin tanti. Zobban sanda ka shafa musu ɗan man leɓe ko basilin. Idan ƙanƙara ta taru a zare, murje ta da yatsu, kada ka sa haƙori. Shi tarko mai tuta, ƙwaryar zarensa a cikin ruwa take zama, kada ka ɗago ta sama da ruwa don kana ganin za ta jiƙe, zamanta a ciki shi ne kariyarta.

Idan ɓawon ƙanƙara ya riga ya kama, fara fasawa daga gefen rami ka nufo tsakiya a hankali. Sabon ɓawo kaifi gare shi, yana yanke zare. Haka idan tuta ta tashi: fasa tukuna, sannan ka ja. Kifi da yawa a nan ake asararsu, mutum ya sheƙo a guje ya fizgi zare ta cikin ƙanƙara.

7. Motsa ruwa

Ramin da kake zaune a kansa kana wasa da sanda, matsami ya ishe shi. Idan ka gaji da tsamewa, akwai ɗan injin hura iska mai batir da ake sa wa bokitin ƙananan kifin koto, dala 10 zuwa 20. Zura tiyonsa cikin ramin inci biyu ko uku ƙasa da saman ruwa, ka maƙale shi a gefe. Kumfar tana taso da ruwan ƙasa mai ɗan ɗumi, tana hana saman kwanciya. Tiyon ya zama gajere marar lanƙwasa, domin raɓa tana taruwa a lanƙwasar ta daskare ta toshe shi. Injin kuma ka sa shi a aljihu ko ka naɗe shi da tsumma, sanyi yana kashe batir da wuri. Masu na'urar hango kifi su sani kumfar tana dagula musu allo.

8. Sai wuta

Yanzu aka zo wurin. Tanti kaɗai, ko ba hita, ya rage rabin matsalar tunda ya tare iska. Huda ramukanka ka share wurin kafin ka kafa shi. Fara ɗaure kusurwar da ke fuskantar iska da ƙusar murɗawa, in ba haka ba za ka bi tantinka da gudu a kan tafki mutane suna kallo. Zuba busasshiyar dusa a kan lafin da ke ƙasa ta waje. Kada ka zuba dagwalo mai ruwa, da yamma sai ka sa dagi kafin ka ɓanɓare tantin, kuma yagewa zai yi.

Hita irin ta kamfanin Mr. Heater mai ƙaramar tukunyar gas mai nauyin fam ɗaya takan yi wajen sa'a uku idan an ƙure ta, biyar zuwa shida idan an rage. Ɗora ta a kan katako ko tabarmar roba don kada ta narka ƙasa ta yi maka kududdufi. Zafi sama yake tashi, shi ya sa za ka ga kanka yana gumi ramin da ke kusurwa yana daskarewa. Rataya ƙaramar fanka mai batir a rufin tana hurowa ƙasa, ka ga bambanci.

Gargaɗi, kuma wannan na rai ne: gas da ke ci a rufaffen wuri yana fitar da iskar nan marar wari marar launi da ke kashe iyalai a gida idan an kwana da janareta ko gawayi a ɗaki. Kafofin iska na tantin su zauna a buɗe komai sanyi, na'urar ƙararrawa tana kunne. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko barci mai nauyi, kashe hita ku fita waje nan take, kada a tsaya gardama.

A waje kuma akwai tsohuwar dabarar gwangwani. Huda wani rami a gefen naka, tazarar kamar faɗin tafin hannu, amma kada ka ɓulla, zurfin inci huɗu ko biyar ya isa. Sa dagi ka sassaƙa 'yar hanya tsakaninsu ruwa ya malalo ya cika ƙaramin. Zuba tsakuwa a gindin babban gwangwanin ƙarfe don ya zauna, ɗora gawayi uku ko huɗu da suka riga suka kama, ka ajiye shi a ƙaramin ramin. Ruwan da ke kewaye da gwangwanin yana ɗumama ya zagaya cikin babban. Tana aiki, har hannu kana gasawa. Amma gawayi ba ya shiga tanti ko da wasa, zare ya yi nesa da gwangwanin, tokar kuma da ita za ka koma gida.

9. Abin da ba a zubawa

Za ka ji masu cewa a ɗiga man girki, ko gishiri, ko barasa, ko ruwan wanke gilashin mota, har da ruwan lagireto mai hana daskarewa. Kada ka soma. Na motar guba ne, ga kifin da za ka ci, ga karnukan da ke yawo a kan tafkin suna lasa. Mai yana ɓata zare da koto, gishiri yana zagwanye bakin rami ya bar ka cikin caɓi. Zuba irin waɗannan a ruwan jama'a laifi ne, kuma jami'an gandun daji suna zagaye. Ruwan zafi ba laifi ba ne, sai dai aikinsa na 'yan mintoci ne, wanda ya fantsama a gefe kuma ya zama santsi. Ka bar shi a fulas, za ka buƙace shi a mataki na gaba.

10. Ramin da zai kwana

Wanda zai dawo gobe, ko ya kama hayar ɗakin kwana a kan tafki irin na Mille Lacs da ke Minesota, ga abin yi. Naɗe zarenka duka, barin ƙugiya a ruwa ba kowa a wurin ya saɓa doka. Nemi bokitin roba mai tsukakken gindi wanda zai shiga ramin ya tsaya a wuya. Tura shi ciki babu ruwa a cikinsa, ɗora katako da wani abu mai nauyi a kai don kada ruwa ya turo shi, ka tula dusa. Da safe ka zuba ruwan zafi a cikin bokitin, ka jira minti biyu, ka murɗa ka zare. Ramin yana nan, sai ɗan gyara da dagi. Idan babu bokiti, soso ninki biyu da tulin dusa mai kauri yana rage kaurin abin da za ka fasa.

Gargaɗi: kada ka mai da injin huda cikin tsohon ramin da ya daskare rabi. Baki yana cijewa ba zato, injin ya fizge ka, a nan ake targaɗe a wuyan hannu, a kuma lalata kaifi. Idan ya kame sosai, matsa taku biyu ka huda sabo, ya fi sauri.

11. Lokacin faɗuwar rana da tashi

A ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa a Minesota wajen ƙarfe huɗu da rabi. Wannan sa'ar ita ce kifin da aka fi nema a can, wanda suke kira walleye, ya fi cin koto, ita ce kuma sa'ar da sanyi ke faɗowa gaba ɗaya, musamman idan sama ta washe babu gajimare. Tun ƙarfe uku da rabi ka zagaya ramukanka, ka sassaƙe gefen da ya tsuke, ka tsame, ka ninka murfi, ka canza safar hannu, ka gwada fitilar goshi. La'asar da Magariba kusa suke da juna a wannan lokaci, mai hikima da alwalarsa yake fitowa daga gida, domin jiƙa hannu a fili a irin wannan sanyi ba ƙaramin abu ba ne. Duk sanda hannu ya taɓa ruwa, tawul nan take.

Idan za ka tashi, ƙirga murafenka da tarkunanka, baƙin soso yana ɓacewa a duhu. Kwashe toka, tukwanen gas, guntun zare da ragowar koto. Tun Yulin 2023 Minesota ta kafa dokar da ta hana ajiye shara a kan ƙanƙara, tararta dala 100. Ramin inci 10, ko wanda ka bar wa bokiti, ka kafa masa reshen itace ko sanda mai kyalle a gefe don mai tafiya da dare ya gani. Bakin abin huda kuma ka goge shi ya bushe, ka mai da masa marfinsa kafin ka jefa shi cikin keken kaya.